CI RANIN TSINKAR 'YA'YAN ITACE A TURAI: A YI LISSAFI KAFIN A ƊAURE KAYA

Daga Wakilinmu na Arewa

Akwai wata magana da ta shiga zangunanmu a 'yan shekarun nan, tun daga Agege da Idi-Araba a Ikko, zuwa Sabon Badun da Shagamu, har can Fatakwal, wadda ya kamata mu zauna mu tattauna ta da idon basira. Maganar kuwa ita ce wai ana neman 'yan ƙwadago a gonakin Turai da Ostireliya, masu tsinkar inabi da tuffa da lemo, aiki na 'yan watanni, lada da Yuro ko Fam, ga kuma yawon ganin duniya a bisa. Tallar tana yawo a wayoyin samarinmu ta Facebook da WhatsApp, da hoton wani saurayi yana dariya a gindin itace, a ƙasa kuma ga lambar wanda za a aika wa kuɗin fom.

Tun da farko bari in faɗi inda na tsaya. Aikin akwai shi, kuma neman halal ne, babu abin kunya ga mutum ya tsinki lemo a gonar wani a biya shi. Amma a nawa ra'ayin, ƙarfin damtse ba shi ne ke sa a ci riba a wannan aiki ba. Abin da ke raba wanda ya dawo da guzuri da wanda ya maƙale a can shi ne takardar izini mai sunansa, da lissafin da ya yi tun yana gida, da kuma ranar komawa da ya sani tun kafin ya tashi. Wanda ya rasa waɗannan, to, kallon kitse ya ke yi wa rogo.

BA BAƘON ABU BA NE GARE MU

Ba mu ne za a koya wa tafiya ana aiki a hanya ba. Mu ne masu ci rani. Manomi ya gama kaka, ya cika rumbu, ya gangaro Kurmi ya yi aikin goro ko koko, ko dako a kasuwa, ko ga-ruwa, da ya ga hadari ya fara haɗuwa a gabas sai ya ɗaure kayansa ya koma ya yi shuka. Kyawun ci rani ke nan, watau yana da farko yana da ƙarshe, kuma gona tana can tana jiran mai ita.

Kakanninmu ma sun yi irin wannan a ƙasashen waje. Alhazan da suka tafi Makka a ƙasa ta Barno da Chadi da Sudan, da yawansu sai da suka tsaya suka yi ƙwadago kafin su sami kuɗin ƙetare Bahar Maliya. Da Turawa suka buɗe babbar gonar auduga ta Gezira a 1925, 'yan Afirka ta Yamma, waɗanda a ke kira takari, suna cikin manyan masu cirar audugar. Wasu sun sauke farali sun dawo bayan shekaru, wasu kuwa tafiyar ta zama zama, jikokinsu suna Sudan har yau. Haka kuma dattawanmu ba su manta da abin da ya faru a Gana ba a watan Nuwamba na 1969, lokacin da gwamnatin Dokta Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice. Mutanen da suka shekara da shekaru a gonakin koko da kasuwannin goro suka fito da abin da kai zai iya ɗauka kawai. Mu ma a 1983 mun yi wa baƙinmu irin wannan kora. Darasin dai guda ne: baƙon da ba shi da takarda, komai daɗewarsa, raɓa ne, da hantsi ya yi sai ya kama gabansa.

HOTON NAN NA SU WANE NE?

To, wannan saurayi mai dariya a gindin itace, wane ne shi? Galibi ɗan Turawa ne wanda ya gama makaranta, ya goya jakarsa a baya ya fita yawon buɗe ido, yana ɗan taɓa aikin gona domin ya sami na mota da na abinci. Ƙasar da ta fi suna a wannan harka ita ce Ostireliya. A 1975 ta buɗe wata irin biza ta shekara ɗaya domin samari da 'yan matan wasu ƙasashe ƙawayenta su zo hutu su kuma yi aiki. A 2005, ganin manoma suna kukan rashin hannu, sai aka ce duk wanda ya yi wata uku yana aikin gona a karkara, watau kwana 88, za a ƙara masa shekara ta biyu. Shi ya sa za ka ga 'yan Jamus da Faransa da Japan suna bin kakar amfani jiha jiha, su tsinki mangwaro a arewacin ƙasar wajen ƙarshen shekara, su gangara Mildura su yanki inabi a farkon sabuwa.

Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne, wannan biza ta 'yan ƙasashen da aka ƙulla yarjejeniya da su ce kaɗai. Nijeriya ba ta ciki, Nijar ba ta ciki, Gana ma ba ta ciki. Saboda haka duk wanda ya ce zai samar maka ita da koren fasfonka, ka riƙe aljihunka da kyau.

Har wa yau, su kansu 'ya'yan Turawan ba su tsira daga cuta ba. A 2018 hukumar da ke kula da haƙƙin ma'aikata a Ostireliya ta fitar da sakamakon binciken da ta yi a gonakin 'ya'yan itace da kayan lambu, ta ce fiye da rabin wuraren da ta bincika sun karya dokar ƙwadago. Sai a 2022 aka tilasta wa manoma cewa ko da jinga a ke yi, watau biya bisa yawan kwandon da ka cika, dole ladan mutum kada ya gaza mafi ƙarancin ladan awa da doka ta yanka. To, idan an cuci mai jan kunne, wanda ke da ofishin jakadancin ƙasarsa a kusa, da iyaye masu aiko masa da kuɗi, da tikitin komawa a jaka, ina ga wanda ya shigo ta ɓarauniyar hanya? Shi ɗan Bature in manomi ya ɓata masa rai sai ya saɓi jakarsa ya yi gaba. Wannan ikon tafiya shi ne dukan bambancin.

Dubi Faransa. Kowace shekara, daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba, ana yankan inabi na mako biyu ko uku, kuma a yankin Champagne doka ta ce da hannu za a yanka, ba da inji ba, don haka sama da mutum dubu ɗari a ke ɗauka. Ga ɗalibin Faransa wannan kamar gayya ce, a yi aiki da rana a yi raha da dare. Amma a kakar 2023, wadda aka yi cikin tsananin zafi har wasu masu yanka suka rasu, hukuma ta tarar da mutum fiye da 50, galibinsu 'yan Mali da Senegal da Muritaniya marasa takarda, an cusa su a wani ruɓaɓɓen gini babu tsabtataccen ruwa, babu wurin kwana na kirki. A watan Yuli na 2025 kotu ta ɗaure mutum uku a kan laifin fataucin mutane. Gona ɗaya, inabi ɗaya, amma wani yana hutu wani yana bauta. Bugu da ƙari, Musulmi ya sani cewa inabin wannan yanki na giya ne, wannan kuwa tambaya ce da ya kamata ya kai gaban malaminsa tun bai sa ƙafa a hanya ba.

LISSAFIN AKWATIN TUMATIR

Inda 'yan'uwanmu baƙar fata suka fi yawa a wannan aiki shi ne kudancin Italiya da kudancin Sifen, kuma da yawansu ta Agadas da Libiya da Bahar Rum suka isa. A Italiya suna bin kaka kamar yadda makiyayi ke bin ciyawa: kankana da tumatir a yankin Puglia daga Yuli zuwa Satumba, sa'an nan lemo a yankin Calabria da hunturu. Tsakanin manomi da lebura akwai wani mutum da su ke kira kaforale, ma'anarsa kofur. Shi ne ɗan kamashon da ke zaɓar wanda zai yi aiki yau da wanda zai kwana da yunwa, shi ke da motar kai mutane gona, kuma ta hannunsa lada ke biyowa.

Ku da ke sauke kwandunan tumatir a kasuwar Mile 12 za ku fi kowa gane wannan lissafi. A 2011 wani ɗalibi ɗan Kamaru mai suna Yvan Sagnet, wanda ke karatun injiniya a birnin Turin, ya tafi garin Nardò da hutu domin ya nemi kuɗin makaranta. Abin da ya tarar shi ne ana biyan Yuro uku da rabi a kan babban akwati mai cin kilo 300, watau kimanin manyan kwandunanmu biyar ko shida. Kaforale yana karɓar Yuro biyar kuɗin mota kullum, kuma burodi da ruwan sha ma a hannunsa za ka saya. To, a ce ƙato ya dage tun asuba har faɗuwar rana ya cika akwati goma, tan uku ke nan ya ɗaga da bayansa, ladansa Yuro 35. A cire na mota, a cire na ci da sha, a cire na katifar da ya ke haya a bukka. Ranar da aka yi ruwa babu aiki, ranar da ya kwanta ciwo babu lada, tsakanin kakar tumatir da ta lemo kuma abin da ya tara shi zai ci. Wanda ke zaune a Agege yana buga Yuro 35 da canjin Naira, ya ga dubbai, wannan rabin lissafi ya yi.

Sagnet bai yi shiru ba. Ya jagoranci leburori suka yi yajin aiki, a shekarar kuma gwamnati ta mai da sana'ar kaforale laifi, a 2016 aka ƙara tsaurara dokar har ta hau kan mai gonar kansa. Daga baya shugaban ƙasar ya ba shi lambar girma. Amma doka a takarda daban, abin da ke faruwa a gona daban. A Janairun 2010 a garin Rosarno an harbi wasu leburori 'yan Afirka da bindigar iska, rikici ya ɓarke, aka kwashe baƙi fiye da dubu a motoci aka fitar da su daga garin. A Agustan 2018, bayan an yi dokar, leburori 16 suka mutu cikin kwana uku a haɗarin mota biyu kusa da Foggia, suna dawowa daga gonar tumatir a cunkushe. A Yunin 2024 kusa da Latina, inji ya yanke hannun wani lebura ɗan Indiya, Satnam Singh, maimakon a kai shi asibiti sai aka yar da shi a ƙofar gidansa da guntun hannun a cikin akwatin kayan gona, ya rasu bayan kwana biyu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

A Sifen ma labarin bai canza ba. Lardin Huelva yana cikin manyan masu ba Turai jan ɗan itacen nan da a ke kira sitiroberi, amma a gefen gonakin akwai unguwannin bukkokin kwali da leda inda 'yan Afirka ke kwana, gobara kuma ta sha cinye su. A farkon 2020 wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya kan talauci, Philip Alston, ya ziyarci wurin, ya ce yanayin da ya gani yana cikin mafi muni da ya taɓa gani a duniya.

Mai karatu zai ce, to, me ya hana su dawowa? Ai nan gizo ke saƙar. Marar takarda ba ya iya kai ƙara wurin 'yan sanda, don shi za a fara kamawa. Ba ya iya zuwa gida ya ga iyali, don in ya fita ba shi da hanyar komawa. Ga bashin da aka ci aka yi masa guzuri, wataƙila gonar gado aka jinginar, ga kunyar dawowa hannu rabbana. Sai ci ranin wata shida ya zama shekara goma, damina tana zuwa tana wucewa, gona tana hannun wani.

ƘOFOFIN GASKIYA

Ba na cewa babu hanyar halal. Akwai, sai dai ƙunci gare ta, kuma sanin yadda ta ke shi ne maganin ɗan damfara. Ingila ta buɗe bizar aikin gona ta wata shida a 2019 da gurbi 2,500, zuwa 2023 ta kai 45,000. Amma ba manomi ke ɗaukar mutum kai tsaye ba, wasu 'yan kamfanoni ne ƙalilan da gwamnati ta ba lasisi, su ne kuma ke zaɓar ƙasashen da za su ɗebo ma'aikata. Kafin yaƙin 2022 'yan Yukiren ne suka fi yawa, bayan haka aka koma Kirgistan da Tajikistan da Uzbekistan da Kazakistan. Lebura shi ke biyan kuɗin biza da na jirgi, amma dokar Ingila ta hana a karɓi ko kwabo a hannunsa da sunan samar masa aiki. Duk da haka a 2022 jaridun ƙasar sun tona yadda 'yan Indonesiya da Nepal suka biya dillalai dubban Fam a gida, suka iso a ƙarshen kaka, aiki ya ƙare kafin su biya bashi.

Sifen tana ɗebo dubban mata daga Maroko kowace shekara da kwangila a rubuce tun daga gida, su yi kakar su koma, kuma a 2024 ta sa hannu a kan irin wannan shiri na je-ka-ka-dawo da Muritaniya da Gambiya, ta kuma ƙarfafa wanda ke tsakaninta da Senegal. Italiya kuwa tana ware gurabe kowace shekara, Nijeriya da Nijar da Gana suna cikin ƙasashen da aka lissafa, amma mai gona ne ke nema da sunanka daga can, ba kai ke sayen gurbi a nan ba. A Yunin 2024 Firayim Ministar ƙasar, Giorgia Meloni, da kanta ta kai ƙara cewa miyagu sun shiga harkar, suna sayar da takardun aikin da babu shi. Mutum ya sauka da biza sahihiya, ya nemi mai gona ya rasa, kafin ya farga ya zama marar takarda, sai hannun kaforale.

Na san akwai masu cewa, ai wane ya je ya gina gida, kuma da zaman banza gara aikin kishiya, ga Naira ta faɗi har Yuro ɗaya ta haura Naira 1,500 a 2024. Gaskiya ne, talauci ba wasa ba ne, kuma wanda rashin tsaro ya raba da gonarsa ba a yi masa wa'azin zama gida da fatar baki. Amma gidan wane da a ke nunawa shi ne a ke gani. Wanda ya nutse a teku da wanda ke kwana a bukkar leda ba su aiko da hoto. Kuma in ka bincika, galibi wanda ya gina gidan sai da ya sami takarda tukuna ya fara tara abin kirki. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

SHAWARA

Saboda haka ga shawarata ga duk saurayin da zuciyarsa ta tashi. Kada ka biya kowa kuɗin samun aiki, domin aikin gaskiya shi ke biyanka. Ka ga kwangila a rubuce, da sunan gona da garin da ta ke, da ladan awa, da yawan awoyin da aka lamunce maka a mako, da abin da za a cire na ɗaki da na mota, ka kai wa wanda ya iya karatu ya fassara maka. Bizar ta fito daga ofishin jakadancin ƙasar da hannunka, kuma ta aiki ce, ba ta ziyara ba. Fasfonka kada ya kwana a aljihun kowa. Sa'an nan ka zauna ka yi lissafi da mafi munin kaka, ba da mafi kyawunta ba: in bayan kuɗin jirgi da biza da ɗaki da abinci abin da zai rage bai fi abin da ka ke samu a nan ba, to, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kada kuma a sayar da gona ko a jinginar da ita don wannan tafiya, gama ita ce dalilin komawa.

Sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin ƙungiyoyinmu na kasuwa, ku ma akwai naku. Kamar yadda a da ba a ba baƙo amanar goro sai mai masauki ya tsaya masa, haka ya kamata duk dillalin da ya shigo zango da maganar aikin Turai a tambaye shi lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, in ya kasa nunawa a sanar da hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003 domin yaƙi da fataucin mutane. Gwamnati kuma, tun da maƙwabtanmu sun iya zama da Sifen sun ƙulla shirin je-ka-ka-dawo, me zai hana ta nema wa 'ya'yanta irinsa, a tafi da rana tsaka a dawo da mutunci? Ta kuma tuna cewa tumatir yana ruɓewa a Kadawa, lemo da mangwaro suna zuba a Binuwai saboda rashin masana'anta da wurin ajiya. Abin takaici ne matasanmu su ƙetare hamada da teku don su tsinki abin da ke lalacewa a bayan gidansu.

Tafiya mabuɗin ilmi ce, ba mai musun haka, mu da ke zaune a Kurmi shaida ne. Amma ci ranin da ba shi da ranar komawa ya tashi daga ci rani. Allah Ya ba mu halal mai albarka, Ya tsare matafiyanmu, Ya mai da kowa gida lafiya.